Ɗigon da ba ya motsi a fuskar talabijin: kurakuran masu saye a Legas

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu masu sayen talabijin ko allon kwamfuta a kasuwar Alaba, ko waya a Computer Village da ke Ikeja, ba sa ganin ɗigon nan sai an kai kaya gida Agege ko Idi-Araba, an maƙala a bango. Da dare sai ka ga wani ɗan ɗigo ja ko baƙi a gefen fuska, hoto na sauyawa, shi kuwa yana nan daram. A lokacin ne hankali ke tashi, alhali babban kuskuren tun a shago aka tafka shi.

Mai shago zai kunna maka bidiyo mai launuka masu ƙyalli, ka ga hoto tar, ka biya. Irin wannan hoton ne ke ɓoye aibi. Ƙananan ɗigo ne ke haɗuwa su ba da hoto: fuskar da ake kira Full HD tana da ɗigo 2,073,600, ta 4K kuwa 8,294,400, kuma yawanci kowane ɗigo gida uku ne: ja, kore da shuɗi. Ido ba zai kama guda ɗaya a cikin hoto mai motsi ba. Saboda haka ka tafi da filash ɗinka ɗauke da hotuna biyar: baƙi wuluk, fari fat, ja zalla, kore zalla, shuɗi zalla. Ka ce, "Oga, a buɗe kwalin a jona a gabana." Ainihin wadda za ka ɗauka za a gwada, ba ta kan kanta ba. Ka matsa kusa, ka bi kusurwa huɗu a hankali. Fari shi ke tona mataccen ɗigo, baƙi kuma ya tona wanda ya maƙale yana haske. Idan an ce ba wuta, a tada janareta. Idan an ce sai ka biya kafin a yanke kwali, a rubuta a rasit cewa za a canza idan an ga ɗigo. Ya ƙi? Shaguna ba su ƙare a Alaba ba.

Wani kuskuren shi ne ɗaukar kowane ɗigo abu ɗaya. Mataccen ɗigo baƙi yake zama a kan kowane hoto, yawanci don ɗan makunnin da ke sarrafa shi ya lalace, kuma ba kasafai yake dawowa ba. Wanda ya maƙale kuwa yana da rai, launi ɗaya ne ya tsaya masa. Shi ana iya gwada sa'a da shafin intanet irin su JScreenFix, wanda ke walƙata launuka da sauri a kan wurin na kamar minti 10. Wani lokacin ya saki, wani lokacin a'a. Kafin komai dai, ka goge fuskar da ƙyalle mai laushi, don ƙura ma kan yi kama da shi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne shawarar dannawa da yatsa ko bakin biro. Gilashin nan siriri ne. Ɗigo ɗaya sai ya koma tabo mai faɗi kamar tawada ta zube, kuma da zarar ma'aikatan kamfani sun ga alamar dannawa, garanti ya tashi. Haka kai wa mai gyara na bakin titi ya kwance bayan talabijin alhali wa'adin garanti bai cika ba. Mai gyara ba ya iya canza ɗigo ɗaya, sai dai fuskar gaba ɗaya, kuma kuɗinta kan kusa kamo na sabuwar talabijin.

Sai kuma zaton cewa garanti na shekara ɗaya ko biyu ya ɗauki kowane ɗigo. Ba haka ba ne, kuma gara mutum ya sani kafin ya kashe kuɗin mota zuwa ofishin kamfani. Tsohon ma'aunin duniya na ISO 13406-2, wanda ISO 9241-307 ya gaje shi, ya kasa fuskoki aji-aji. A aji na biyu na tsohon ma'aunin, inda akasarin kayan kasuwa suke, an yarda a cikin kowane ɗigo miliyan ɗaya a samu 2 masu haske, 2 matattu, da ƙananan gidaje 5 masu matsala, kuma a ce fuskar lafiyarta ƙalau. Kowane kamfani yana da nasa adadin a rubuce. Kamfanin Dell, alal misali, yana canza allonsa na UltraSharp ko da ɗigo ɗaya ne mai haske, amma wannan alkawarin bai shafi baƙin ɗigo guda ba. Ka nemi ganin wannan sharaɗi kafin ka biya.

Takarda kuma ita ce ƙarfinka. Rasit ya ɗauki sunan shago, kwanan wata, samfurin kaya da lambar jikinsa, kuma lambar ta yi daidai da ta kwali da ta katin garanti. Kayan da aka shigo da su ba ta hannun dilan kamfani ba, garantinsu na wata ƙasa ne, ofishin Legas na iya ƙin karɓa. Tokumbo kuwa, wato kayan da aka riga aka yi amfani da su a ƙasar waje, sai ɗan kwanakin gwaji da mai shago ya ba ka, su ma a rubuta su, kada ka tsaya ga "babu damuwa, Alhaji."

Idan ɗigon ya fito daga baya, ka ɗauki hotonsa a ranar, ka kai ƙorafi nan da nan ko da ɗaya ne, don idan sun ƙaru akwai shaidar lokacin da suka fara. Mai shagon da ya ƙi sauraronka kan kaya mai aibi na gaske, kana da hukumomin kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC ta tarayya da LASCOPA ta jihar Legas, kuma rubuta "ba a mayar da kaya" a rasit ba ya soke haƙƙin da Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta 2018 ta ba ka.