Ka ba da leda ɗaya ta jini? Ga yadda za ka taimaki ɓargonka ya mayar

Wallahi zancen nan na a sha lemon malt da madara jini ya dawo nan take yana damuna, don jini ba a tumbi ake haɗa shi ba, a cikin ɓargo ake ƙera shi, jan ɓargon da ke ƙashin ƙugu da na baya da haƙarƙari da ƙashin ƙirji.

A can akwai wasu uwayen ƙwayoyin halitta da suke ta rabuwa. Da ƙoda ta ji iskar oksijin ta ragu sai ta saki sinadarin EPO, shi ne ɗan aiken da ke ce wa ɓargo a ƙara himma. Ƙwayar da za ta zama jar ƙwayar jini tana farawa da girmanta, tana rabuwa tana ƙanƙancewa tana cika cikinta da hemogulobin (jan sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin), can sai ta tofar da cibiyarta gaba ɗaya ta faɗo cikin jini, kwana ɗaya zuwa biyu ta gama nuna. Duka abin kusan sati guda ne, sannan ta yi kwana 120 tana aiki. Duk sakan ɗaya wajen miliyan 2 ake fitarwa fa, ikon Allah!

To abin da za ka yi: ranar farko ka sha ruwa sosai, ruwan jinin kwana biyu ya isa ya dawo. Jajayen ƙwayoyin ne sai sati 4 zuwa 6, su kuma ayon (sinadarin ƙarfe) suke so da folik asid da bitamin B12. Ka ci hanta, nama, kifi, ƙwai, wake, alayyahu, kwaɗon zogale a matsa lemon tsami a kai saboda bitamin C yana taimaka wa hanji ya ja ayon ɗin.

Shayi kuma don Allah kar a kora abinci da shi, yana tare ayon, a ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu. Idan likita ya rubuta ƙwayar ƙarin jini ta ayon ka ga bayan gida ya yi baƙi kar ka tsorata ka daina, haka take yi. Amma masu sikila kar su sha ta da kansu sai likita ya ce.

Jiri ko haki ya ƙi tafiya bayan sati biyu, je a duba PCV (gwajin yawan jini) da maleriya da tsutsar ciki. Kuma kar ka sake bayarwa sai an yi aƙalla wata 3.