Yadda Za A Taimaki Dattijo Ya Ci Gaba Da Yi Wa Kansa Hidima A Legas

A gidajen Hausawa na Agege da Idi-Araba da Mile 12, ladabi yakan sa 'ya'ya su karɓe wa tsoho kowane aiki, har a hana shi ɗaukar butarsa. Niyyar kyakkyawa ce, amma ƙarfin jiki yana zubewa da sauri idan aka daina amfani da shi, don haka abin da ya fi dacewa shi ne a gyara masa wurin zama ta yadda zai yi abinsa da kansa.

A fara da banɗaki, domin a nan tsofaffi suka fi zamewa, musamman a gidan haya inda ake tarayya da maƙwabta kuma daɓen tayil ba ya bushewa a damina. A kafa ƙarfen dafawa a bango daidai tsayin ƙugunsa, a ajiye kujerar roba mai ƙwari wadda zai zauna a kai ya yi alwala ba tare da ya tsaya da ƙafa ɗaya ba, sannan a sauya masa silifas ɗin da ƙasansu ya cinye. A ajiye tocila kusa da matashinsa saboda ɗaukewar wuta, a kuma kawar da dardumar da bakinta ya naɗe daga hanyar fita.

Maganin hawan jini da na ciwon suga ya fi saurin shiga ka idan aka ɗaura shi da lokutan salla, gwargwadon yadda likita ya tsara. A zuba na mako guda a akwati mai gida bakwai, a bar shi ya buɗe da hannunsa. Idan akwai na'urar awon jini, ya riƙa rubuta sakamakon a littafi, kuma awon da ya yi ta kaiwa 140/90 ko fiye abin nuna wa likita ne. Littafin nan yana da amfani ranar zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) ko na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH), bayan cunkoson hanya ya gajiyar da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma tattaki zuwa masallacin unguwa ko gidan maƙwabciya yana cike wani kaso. Maimakon a ce, "Baba, zauna ka huta," gara jika ya ce, "Baba, taso in raka ka." A kuma rubuta lambobin gaggawa na Jihar Legas, 112 da 767, da manyan baƙaƙe a inda idonsa zai kai.