Daga filin jirgi zuwa cikin gari: inda matafiyanmu ke yin kuskure wajen yankan tikitin jirgin ƙasa

Mutumin Yamai ko Tawa ya san mota ciki da bai. Ya san kamfanin da ke tashi da asuba, ya san inda ake tsayawa salla tsakanin Konni da Dogon Dutsi, ya san abin da ake biya wa buhu. Jirgin ƙasa kuwa bai taso da shi ba. Tashar da aka buɗe a Yamai a 2014, da layin dogon da aka shimfiɗa zuwa Doso, har yau ba su fara jigilar fasinja ta yau da kullum ba. Shi ya sa da yawa daga cikinmu ba su taɓa yankan tikitin jirgin ƙasa ba sai ranar da suka sauka Kasablanka ko Paris ko Istanbul ko Jidda, bayan kwanan zaune, ga akwati biyu, ga waya babu intanet, ga mutane a baya suna jira a gama da na'ura. A wannan hali ake tafka yawancin kurakuran, kuma kusan dukansu tun daga gida ake maganinsu.

Sanin gari ba tare da sanin tasha ba

A nan gida, idan ka ce "Tawa" a wurin yankan tikiti, magana ta ƙare. Can kuwa sunan gari ba ya wadatarwa, sai da sunan tasha. Jirgin ONCF, kamfanin jirgin ƙasa na Maroko, da ke tashi daga ƙarƙashin filin jirgin sama na Mohammed V yana tsayawa a L'Oasis, da Casa Voyageurs, da Casa Port, kuma duka ukun Kasablanka ne. Wanda zai wuce Rabat ko Fas ko Marakesh ko Tanja, a Casa Voyageurs ya kamata ya canza jirgi. Wanda masaukinsa ke wajen tsohon gari da bakin teku, Casa Port ce tasa. Ɗalibai sabbin zuwa su suka fi faɗawa wannan rami: yaro ya ji an ce Casa, ya zauna har ƙarshen layi, sannan ya fito yana neman jirgin Fas.

Rabat ma tasha biyu gare ta, Rabat Ville da Rabat Agdal. Al Boraq, jirgin nan mai gudu da aka fara a 2018, a Agdal kawai yake tsayawa, kuma ita ta fi kusa da unguwar jami'a ta Al Irfane.

Maganin abu ne mai sauƙi. Kafin ka bar gida ka ce wa mai masaukinka ya rubuto maka sunan tashar da za ka sauka, harafi da harafi, ba saƙon murya ba. Ka kwafe a takarda ka sa cikin fasfo. Idan ka isa wurin mai sayar da tikiti, ka nuna masa inda tafiyarka ta ƙare, ya yanka maka gaba ɗaya tun daga filin jirgi, ba sai ka sake bin wani layi da kaya a Casa Voyageurs ba. Kujerar aji na ɗaya kuma ba ta da wani amfani a tafiyar da ba ta wuce minti arba'in ba. Ka ajiye kuɗinta don doguwar hanyar Fas ko Marakesh.

Paris, inda tikiti mai araha ke jawo tara

A nan zan daɗe, don nan aka fi yin asara.

Daga filin Charles de Gaulle, jirgin da ke shiga gari shi ne RER B, kuma cikin kusan rabin awa yake kai mutum tashar Gare du Nord da ke cikin gari. Tun 1 ga Janairun 2025 aka sauya tsarin kuɗi a yankin Paris. A 2025 ɗin tikitin metro (jirgin ƙarƙashin ƙasa na cikin gari) da RER na yau da kullum Yuro 2.50 ne, ko ina za ka a yankin, amma ban da filayen jirgin sama. Na filin jirgi daban yake, sunansa Paris Région Aéroports, Yuro 13 a lokacin. Da yake Yuro ɗaya sefa 656 ne, bambancin ke nan tsakanin kusan jika ɗaya da rabi da jika takwas da rabi. Mai lissafi da sefa yana ganin lambobin nan biyu a allon na'ura, hannunsa da kansa zai nufi ƙaramar. Farashin yakan ɗan hau a farkon shekara, amma tsarin yana nan.

Ga abin da ke biyo baya. Alhaji ya sa katinsa a ƙofa, ƙofa ta yi ƙara, fitila ta yi ja. Ya sake, ta sake. Wani ya wuce, sai ya manne masa a baya ya kutsa, ƙofa ta kama akwati ɗaya, ya fizgo shi da ƙyar. Ya zauna yana murna ya tsira. Kafin a kai tashar Aulnay da ke kan hanya sai ga masu duba tikiti su huɗu sun shigo ta ƙofa biyu, da na'urar karɓar kuɗi a hannu. "Ban sani ba, yau na zo" ba ta aiki a wurinsu, don sun ji ta sau dubu, kuma tarar ta ninka kuɗin tikitin da aka guje wa. Idan ƙofa ta ƙi katinka, kada ka bi bayan kowa. Ka koma wurin ma'aikaci.

Tikitin ana loda shi ne a wani kati mai suna Navigo Easy, wanda shi kansa Yuro 2 ne, ko kuma a waya. Kati ɗaya na mutum ɗaya ne. Maigida ba zai wuce ya miƙo wa Hajiya katin ta baya ba, kowa da nasa. Yaron da bai kai shekara 4 ba kyauta ne, daga 4 zuwa ƙasa da 10 rabin kuɗi. Wannan rangwamen shi ƴan damfara ke amfani da shi: mutum ya matso da fara'a, wani lokaci har da abin rataye a wuya kamar ma'aikaci, ya ce bari ya taimake ka, ya karɓi kuɗin babba ya ba ka tikitin yaro ko katin da babu komai ciki. Ma'aikaci na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannu ya sa aljihu a gaban na'ura. Na'urar kuma tana magana da Faransanci, harshen da yawancin matafiyanmu ke karantawa, saboda haka ba ka bukatar ɗan tsakiya.

Sai kuskure na kishiyar wannan, wato sayen tikiti ɗaiɗai alhali na mako ya fi araha. Tikitin mako, Navigo Semaine, a 2025 Yuro 31.60 ne, ya haɗa dukan yankin har da zuwa da dawowa Charles de Gaulle, da layin metro na 14 da ya isa Orly, ɗaya filin jirgin Paris, a Yunin 2024. Ana ɗora shi a katin Navigo Découverte na Yuro 5, wanda ke bukatar ƙaramin hoto. Ka sa hoton fasfo ɗaya a jaka tun daga Yamai. Sai dai makon nasu daga Litinin yake farawa ya ƙare Lahadi da dare, ba daga ranar da ka saya ba, kuma bayan Alhamis ba a sayar da na makon da ake ciki. Wanda ya sauka Litinin ko Talata zai koma kafin Lahadi, shi ya ci riba: a farashin 2025, zuwa da dawowa filin jirgi kaɗai Yuro 26 ne, shiga metro biyar a kai ya riga ya wuce kuɗin katin. Wanda ya sauka Asabar kuwa, ya sayi tikitin filin jirgi ya jira Litinin.

Sayen tikiti mai lokaci tun kafin a san lokacin fita

Wannan na masu Umara ne musamman. Jirgin Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, yana da tasha a filin Sarki Abdul'aziz na Jidda. Ƙasa da awa guda yake kai mutum Makka, Madina kuma kusan awa biyu. Amma tikitinsa na jirgi ɗaya ne, da lokacinsa da lambar kujera, ba kamar metro ba da in wannan ya wuce sai ka shiga na baya. Ɗa mai son birge mahaifiyarsa sai ya duba takarda ya ga jirgin sama zai sauka ƙarfe 2, ya yanka mata na ƙarfe 3. Bai lissafa layin fasfo ba, da jiran kaya, da alwala da salla, da tafiyar tsohuwa mai ciwon gwiwa. A bar tazarar awa uku, ko a jira sai an fito a yanka, in ba lokacin cunkoso ba ne. A Ramadan kuwa kujeru na ƙarewa da wuri, gara a saya tun da sauran kwanaki, a zaɓi na can baya.

A kuma duba ɓangaren da jirgin sama zai sauka. Tashar Haramain a jikin Terminal 1 take. Wanda aka sauke a ɓangaren arewa ko a na alhazai, sai ya hau mota kafin ya isa wurinta. Kaya ma da iyaka: babban akwati ɗaya da bai wuce kilo 25 ba, da jakar hannu. A Makka jirgin a Rusaifa yake tsayawa, da ƴar tazara zuwa Harami, sai an ƙara da tasi ko bas. Wanda kuma ya fara da Madina zai taho Makka da niyyar Umara, ya tuna jirgin ba ya tsayawa a Zul Hulaifa. Ya yi wanka ya sa haraminsa kafin ya shiga, ya tambayi malaminsa inda zai ƙulla niyya.

Agogo ma na ruɗa mutane. Saudiyya da Turkiyya suna gabanmu da awa biyu. Paris daidai take da mu a lokacin sanyinsu, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma ta wuce mu da awa ɗaya. A 2025 Maroko daidai take da Nijar, sai a watan azumi da suka mayar da agogo baya da awa guda. Lokacin da ke kan kowane tikiti na garin da za a hau ne.

Kuɗin da na'ura ba ta sani ba

Sefa ba ta sayen tikiti a ko ɗaya daga cikin garuruwan nan, kuma ba kowane mai canji ke karɓarta ba. Ka canzo Yuro tun daga Yamai, ka nemi ƙananan takardu, na 5 da na 10 da na 20, don takardar 100 ba ta da amfani a gaban na'ura. Dirhamin Maroko ba a cika samunsa a wajen ƙasar ba, sai ka canza kaɗan a filin jirgi, daidai na tikiti da tasi, sauran ka bari sai cikin gari. Mai katin banki ya je reshensu kafin tafiya ya tabbatar an buɗe masa biya a ƙasar waje.

Ƴan kasuwa da kaya

A Istanbul, layin metro M11 ya isa sabon filin jirgin a Janairun 2023, aka ƙarasa shi zuwa tashar Gayrettepe bayan shekara guda. Da Istanbulkart ake shiga, kati ne da ake saya a na'ura a zuba masa kuɗi, kuma shi ne dai na bas da taragon cikin gari da jirgin ruwa. Mai zuwa Laleli, unguwar ƴan kasuwa, sai ya canza zuwa layin M2 a Gayrettepe ya sauka Vezneciler. A taswira abin kamar wasa. A ƙasa kuwa tashar Gayrettepe tana da zurfi ƙwarai, matakala bayan matakala, sannan doguwar tafiya a ƙafa kafin a kai ɗaya layin. Ranar zuwa, da jaka ɗaya, babu laifi. Ranar komawa, da dilar kaya uku da aka naɗe da leda, wahalar da kai ce kawai. Motar Havaist, bas ɗin filin jirgi, daga Aksaray kusa da Laleli tana da wurin kaya a ƙasa, ita ta fi. A kuma duba tikitin jirgin sama da kyau, don Istanbul fili biyu gare ta: IST a ɓangaren Turai, SAW wato Sabiha Gökçen a ɓangaren Asiya, kuma M11 ba ta zuwa na biyun.

Dubai da sauƙi. Jan layin metro na tsayawa a Terminal 1 da Terminal 3, ban da Terminal 2, kuma da katin Nol ake shiga. Kuskuren can na tarago ne: namiji ya faɗa na mata da yara, ko mai katin talaka ya zauna a taragon Gold, na aji na ɗaya, don ya ga babu cunkoso. Kowanne tararsa dirhami 100. Cin abinci a ciki ma haka, har da cingam, saboda haka goron ya jira a fita.

Ni a ganina, mutum uku ko huɗu masu kaya da suka nufi masauki ɗaya, ko wanda ya sauka tsakar dare bayan jirgin ƙarshe ya wuce, su haɗa kuɗi su ɗauki tasi daga layin hukuma da ke ƙofar fita. Ba wanda ya tare su a cikin zaure yana cewa "tasi, tasi" ba.

Ranar komawa gida ma akwai tarko ɗaya a Paris. RER B mai nufar arewa yana rabuwa biyu bayan Aulnay-sous-Bois: wani ya tafi filin jirgi, wani ya tafi Mitry-Claye, kuma a dandamali ɗaya ake hawansu a Gare du Nord. Ka ɗaga kai ka duba allo, ka tabbata akwai hoton jirgin sama da sunan Charles de Gaulle kafin ka sa ƙafa. A filin kuma tasha biyu ce: ta farko ta masu Terminal 1 da 3, ta ƙarshe ta masu Terminal 2. Lambar tana kan takardar jirginka, ka duba ta tun kana masauki.