Kurakuran da muke yi da layya a nan Garwa ta Kamaru

Jama'a Babbar Sallah ta matso, kuma wallahi duk shekara kurakuran nan dai su muke ta maimaitawa.

Gaggawar yanka ita ce kan gaba. Mutum ya dawo daga idi ko babbar riga bai cire ba sai ya kayar da rago, alhali mu nan Malikiyya muke bi, sai liman ya yanka nashi tukuna. Wanda ya riga liman nama kawai ya samu, sai ya sake wani. Ka tura yaro ya jiyo ko an yanka. In ranar 10 ga Zulhajji ba ta yiwu ba akwai 11 da 12, amma da rana fa, ba a layya da dare.

A kasuwa kuma ana kallon ƙaho da tsayi a manta da shekaru. Rago sai ya cika shekara, ka buɗe bakinshi ka duba haƙori, mai ido ɗaya da gurgu da mara lafiya da ramamme duk ba su yi. Kuma don Allah a bar cin bashi don maƙwabci ya ɗaure balami a ƙofar gida, layya sunna ce ga mai hali. Mahauci a biya shi da sefa, kar a biya shi da fata ko kai, fatar ma ba a sayarwa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne rabo. Cinya guda ta tafi gidan Alhaji da ya yanka raguna uku firijinshi ko rufuwa ba ya yi, ita kuma mai marayu da ke bayan katangarka a aika mata ƙashi da tumbi a baƙar leda. Bara na ga wata tsohuwa a layinmu ta kwance irin ledar nan ta jujjuya ta, ta ce wa yaron "Allah ya amfana", har yau abin bai bar ni ba. Daren jajibere ku zauna da uwargida ku lissafa gidajen da ba su yanka ba, da su za a fara, tsoka mai kyau a kwano da murfi, yaro ya durƙusa ya ce "Inna barka da sallah, Baba yana gaishe ki".

Kar a dogara da firiji, ana ɗauke wuta nama ya yi wari da zafin garin nan. A soya shi da gishiri ya bushe sosai, saura a yi dambu. Maigida ka tanadi gawayi da mai tun kafin ranar, matan nan suna gaban murhu har isha'i, a ware musu nasu su kai gidan iyayensu.

Canjin goron sallah kuma a fara tara shi tun yanzu, 'yan 100 da 50, ranar idi ko mai shago ba zai ba ka ba.