Babi na 6: Kula da Fatar da Aka Yi wa Gashin Ciwon Daji

Darasi na 1: Abin da gashi yake yi wa fata

Idan likita ya ce za a yi wa mai ciwon daji gashi, na'ura ce za ta aika wani haske mai ƙarfi, wanda ido ba ya gani, zuwa inda ciwon yake. Hasken sai ya ratsa fata kafin ya kai ciki, shi ya sa fatar wurin take jin jiki. Yawanci ana yin gashin kwana 5 a mako, har tsawon wasu makonni.

Yawanci a makon farko ba za ku ga komai ba. Sai a mako na 2 ko na 3 fatar take fara sauyawa: ta bushe, ta yi ƙaiƙayi, ta yi ɗumi. A jikin mai hasken fata wurin yakan yi ja. A jikin baƙin mutum kuwa duhu yake ƙarawa, ko ya yi furu-furu kamar an barbaɗa toka. Kada ku tsaya jiran ganin ja.

Ku duba wuri biyu: inda hasken ya shiga, da bayansa, inda yakan fita. Idan ƙirji aka gasa, a duba baya ma.

Wanda aka gasa da wannan na'urar ba ya komawa gida da hasken a jikinsa. Ku taɓa shi, ku zauna kusa da shi, babu abin da zai same ku.

Darasi na 2: Wanka da tsane ruwa

Wannan darasin shi ne kan gaba, kuma a nan na ga ɗalibai sun fi tuntuɓe. Mu bi shi a hankali, ba gudu muke yi ba.

Da farko ku wanke hannuwanku da sabulu. Sannan ku sami ruwa mai ɗan ɗumi. Ɗan ɗumi na ce. Ku zuba kaɗan a cikin tsintsiyar hannunku. Idan kun ji zafi, ku surka. Ku ɗauki sabulu marar ƙamshi, ku yi kumfa a tafin hannu, ku shafa a wurin da tafin hannu kawai. Soso ba ya zuwa nan. Ku ɗauraye, ku bar ruwan ya gangara da kansa.

To, ga wurin da ake faɗuwa. Ku ɗauki tawul mai laushi, mai tsabta. Ku ɗora shi a kan fatar. Ku ɗan danna kaɗan. Ku ɗaga. Ku matsa gaba, ku sake ɗorawa, ku danna, ku ɗaga. Wannan shi ne dangwalawa. Tawul ba ya tafiya a kan fatar, sauka yake yi ya tashi.

Mene ne dalili? Gashi yana rage wa fata ƙarfin sabunta kanta, sai ta zama sirara kamar takardar da ta jiƙa. Takardar da ta jiƙa, idan kun goge ta, me zai faru? Za ta yage. Haka fatar nan take.

Mu gwada yanzu. Kowa ya miƙe hannunsa na hagu, ya ɗauki ƙyalle da dama. Ɗora, danna, ɗaga. Kuma: ɗora, danna, ɗaga. Madalla. Idan hannunku ya zarce da gugar da ya saba, ba laifi, shekara da shekaru yake yin haka. Ku tsaya, ku sake daga farko.

A wani aji da na koyar, kowa ya amsa mini da baki cewa ba a gogawa. Da na raba ƙyallaye, fiye da rabinsu dirza suka shiga yi. Saboda haka ba zan karɓi amsar baki ba, hannu nake son gani. Ɗora, danna, ɗaga.

Ku ƙara kula da wuraren da fata take haɗuwa da fata: hammata, ƙarƙashin nono, matsematsi, bayan kunne, da lanƙwasar wuya. Nan danshi yake maƙalewa, kuma nan fata take fara saɓulewa. Ku buɗe wurin, ku dangwala, ku bar iska ta ƙarasa.

Za ku ga zane ko ɗigo da ma'aikatan asibiti suka yi a jikin majinyaci. Da shi suke saita na'ura. Ba datti ba ne, kada ku kankare shi. Idan ya dushe, ku gaya musu, kada ku sake zana shi da kanku.

Darasi na 3: Abin da ake shafawa

Ku shafa mai marar turare wanda nas ko likita ya amince da shi, shafawa kaɗan-kaɗan, a kan fatar da ba ta fashe ba. Ku tambaye su ko za a shafa kafin shiga ɗakin gashi.

Turare, hoda, reza, filasta mai manne wa fata, ƙanƙara da tsumman ruwan zafi duk a nesanta su da wurin. Haka ma maganin da wani ya kawo saboda ya taɓa yi masa amfani a ƙunar wuta. Na faɗa, na sake faɗa, amma kullum sai an sami wanda ya shafa abin da ya ga dama, sannan ya zo yana cewa ai cewa aka yi yana da kyau. Wa ya ce? Likitan ne? Idan ba shi ba ne, ajiye.

Tufafi su zama na auduga, masu yalwa. A rufe wurin daga rana. Idan ƙaiƙayi ya dami majinyaci, kada a sosa; ku gaya wa nas.

Darasi na 4: Idan fata ta fashe

Wani lokaci fatar takan saɓule ta riƙa tsattsafar ruwa. Ku daina shafa mai a wurin, ku nuna wa nas a ranar. Za ta wanke, ta sa bandejin da ba ya mannewa. Kada ku ɓare ɓawon. A nan ma ba a gogawa.

Ku tafi asibiti ba tare da jira ba idan kun ga mugunya, ko wari, ko kumburi yana yaɗuwa, ko jini, ko zazzaɓi ya kai 38 a ma'aunin zafin jiki. Mai ciwon suga ya ƙara sa ido. Mai shan taba ya daina, don tana hana rauni warkewa da wuri.

Darasi na 5: Bayan an gama gashi

Fatar takan fi tsananta mako 1 zuwa 2 bayan gashin ƙarshe, sannan ta fara lafawa. Ku ci gaba da yadda kuka koya. Idan bayan watanni ko shekaru wurin ya taurare, ko gyambo ya fito, ku koma wurin likita ku gaya masa an taɓa gasa wurin.

Aikin gida: ku rubuta alamomi 3 da za su sa ku koma asibiti. Ku zo da ƙyalle gobe.