An ce yaronki a zaune yake? Kurakuran da muke yi a watan haihuwa a nan Legas

Mu da muke zaune Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago, da wuya ki rasa wacce kika sani da ta je awo ko sikanin aka ce mata yaron a zaune yake, wato kansa na sama ƙarƙashin haƙarƙarinta, ɗuwawu ko ƙafafu ne a ƙasa wajen ƙofa. Tana dawowa gida kowa zai kawo tasa, maƙwabciya da tata, Hajiya daga Kano a waya da tata, ita kuwa mai cikin ta rasa wacce za ta kama.

Na farko dai tashin hankali tun lokaci bai yi ba. Ciki wata shida wata bakwai an ce a zaune yake, shikenan an daina barci. Haba 'yar uwa, a sati 28 kusan ɗaya cikin yara huɗu ko biyar a haka suke, fili ne ya musu yawa suna ta wulƙitawa, yawancinsu kafin sati 36 sun kifa kai da kansu. Waɗanda ke kaiwa lokacin haihuwa a zaune ba su wuce 3 zuwa 4 cikin 100 ba. Ki ci gaba da awonki, sati 36 a sake dubawa. Kuma dan Allah ki san satin cikinki, lissafin "na shiga watana" ba ya wadatarwa a wannan maganar, komai da sati ake yanke shi.

Sai kuma masu sakaci, su ne aka gaya musu a sati 36 ko 37 suka ce ai ranar naƙuda zai juya, suka ninke takardar sikanin suka cusa a jaka. Yana iya juyawa, amma kaɗan ne ke yi bayan nan don wuri ya ƙure masa. Kuma wani lokacin akwai abin da ya hana shi: mabiyiya ta sauko ta tare hanya, ko fibroid (wani ƙari da ke fitowa a mahaifa), ko ruwa ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ko 'yan biyu ne, ko yanayin mahaifar ce haka. Takardar nan likita za ki kai wa ya karanta, ba mai shagon sikanin ne zai yanke miki hukunci ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro wallahi shi ne kai ciki wajen ungozoma ko mai tausa wai ta juya shi. A shafa mai a yi ta murza ciki ana dannawa, ita ba ta ganin inda mabiyiya take, ba ta ganin ko cibiya ta naɗe, ba ta da abin jin bugun zuciyar yaro, idan mabiyiya ta ɓalle daga jikin mahaifa jini na iya taruwa ta ciki ba a gani ba, kafin a ankara an makara. Abin da mata da yawa ba su sani ba, juyin nan ana yinsa a asibiti, likitoci na ce masa ECV. Mai cikin fari daga sati 36, wacce ta taɓa haihuwa daga sati 37. Za a fara da sikanin, a saurari zuciyar yaro, sau da yawa a yi miki allurar da za ta saki mahaifa, sannan likita ya sa hannu ta saman ciki ya lallaɓa shi har kai ya sauko, bayan an gama a sake sauraron zuciyar, ga ɗakin tiyata a kusa ko da ta ɓaci. Kusan rabin waɗanda aka gwada wa ana dacewa, kuma an fi dacewa da wacce ta taɓa haihuwa. Akwai ɗan zafi, in kin ce a tsaya za a tsaya. In rukunin jininki mai negatif ne za a miki allurar kariya da ake kira anti-D. Ba a yi wa wacce ke zubar da jini, ko faya ta fashe, ko mabiyiya ta tare ƙofa. Ba kowane asibiti ke yi ba, shi ya sa ki buɗe baki ki tambaya, in ba sa yi su ba ki takarda zuwa babban asibiti, ga LUTH nan a Idi-Araba, ga LASUTH a Ikeja, ga Island Maternity.

Jiƙe-jiƙe da maganin zaƙi ba sa juya yaro, wasu ma naƙuda suke tayarwa da ƙarfi, ga shi yaro bai daidaita ba. Goho da ake cewa a riƙa yi, babu tabbacin yana aiki, amma bai kai sauran haɗari ba. Addu'a kam a yi ta, a haɗa da zuwa asibiti.

Yanzu maganar da ake gudu, aiki, wato tiyatar ciro yaro da ake kira CS. Ana cewa CS sai mace ta canza asibiti, ko maigida ya ce shi ba zai sa hannu a yanka masa mata ba, ko a ce mata raguwa. Malam, kai da kake kasuwa tun safe, ranar awon sati 36 ɗin nan ka bar wa yaranka shago ka bi ta ka ji da kunnenka. A shekarar 2000 an fitar da sakamakon wani babban bincike da likitocin Kanada suka jagoranta, mata sama da 2,000 a ƙasashe 26, aka ga cewa yaron da ke zaune ya fi tsira lafiya idan an tsara aiki tun da wuri, tun daga nan asibitoci da yawa a duniya suka karkata ga CS. Dalilin a fili yake: kai ne mafi girma a jikin jariri, idan ya zo a daidai shi ke buɗe hanya, idan kuwa jiki ya riga fitowa kan na iya maƙalewa a ƙarshe, ga cibiya a matse. Aikin da aka tsara, galibi wajen sati 39, kin kwana kin shirya an tanadi jini, ya fi wanda za a yi ƙarfe biyun dare bayan kin galabaita nesa ba kusa ba.

Amma ni ban yarda da masu cewa dole sai aiki ga kowa ba. Ana haihuwar yaro a zaune ba tare da aiki ba, in ɗuwawu ne a ƙasa ba ƙafa ba, girmansa madaidaici, kansa bai ɗage baya ba, kuma akwai likita ko nas-ungozomar da hannunta ya saba, a asibitin da za su iya shiga tiyata nan take. Mu da muke son haihuwa da yawa muna da hujjar tambaya, don kowane CS yana barin tabo a mahaifa da zai shafi cikin gaba. Ki tambaya kai tsaye: wa zai karɓi haihuwar, ya saba, yana nan da dare? In an yi miki aiki ɗaya saboda zaman yaro, mata da yawa suna haihuwar na gaba da kansu, a asibiti dai.

Masu tafiya goyon ciki Arewa, kar a ɗora ki a mota a watan haihuwa ba a san kwanciyar yaro ba, kuma kar a kai ki ƙauyen da babu ɗakin tiyata kusa. In tafiyar dole ce ki tafi da wuri da katinki da takardun sikanin, ki yi rajista a can.

Sai al'adarmu ta daurewa, a yi shiru da naƙuda saboda kunya sai ta kankama sannan a fita. Da yaro a zaune ba a wannan, balle a garin da go-slow zai iya riƙe ki awa biyu tsakanin Agege da Ikeja. Ciwo na farawa, ko faya ta fashe ko da babu ciwo, ko kin ga jini, ko motsi ya ragu, ki kama hanya. Jaka a haɗe tun sati 36, lambar mai mota a hannu, lambobin gaggawa na Legas 112 da 767. In ruwa ya zube kika ji wani abu kamar igiya ya leƙo, cibiya ce, kar ki taɓa ko ki mayar, ki yi goho ƙirji a ƙasa ɗuwawu a sama, a haka za a kai ki. In kuma ƙafa ko ɗuwawu ya fara fitowa a gida, kar wanda ya ja, ja ne ke sa hannuwa su ɗage kai ya maƙale.

Bayan an sauka lafiya, ko da kanki ko ta aiki, ana shagalin suna ana mantawa da ƙugun jaririn. Yaran da suka zauna a haka sun fi samun gocewar ƙashin ƙugu, kuma ba ya ciwo balle ya yi kuka ki gane, sai ya fara tafiya ki ga yana ɗingishi. Ki gaya wa likitan yara cewa a zaune yake a ciki, ya duba, in da hali a yi masa sikanin ƙugu wajen sati shida, ki haɗa da ranar rigakafinsa ta sati shida kar ki yi zuwa biyu.