Kafin ku biya kuɗin muƙala, ku leƙa laburare

Assalamu alaikum 'yan uwa masu rubuta aikin kammala digiri a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da Jami'ar Jihar Gombe. Ina jin takaicin ganin ɗalibi ya cire kuɗin abincinsa don sayen muƙala ɗaya a intanet, alhali bai ko tambayi laburare ba.

Ku je sashen intanet na laburare da katin shaidar ɗalibi, ku tambayi ma'aikacin waɗanne rumbunan mujallu aka yi wa jami'a rajista, musamman waɗanda ke ƙarƙashin shirin Research4Life: Hinari na fannin lafiya ne, AGORA na noma. Wasu suna buƙatar kalmar sirri, wasu kuma sai da intanet ɗin makaranta suke buɗewa, don haka in sun ƙi a gida ku gwada a harabar jami'a.

Wajen bincike kada ku zuba taken aikinku gaba ɗaya. Ku zaɓi kalmomi biyu ko uku, ku haɗa su da kalmar Turanci AND, ku taƙaita shekaru, misali 2015 zuwa yau. Ku karanta taƙaitaccen bayanin kafin saukewa, data na da tsada.

Shafin mujallun Afirka na AJOL (African Journals Online) kuma yana da mujallun Najeriya da yawa, wasu kyauta ne.